Ɗaki An Biya, Saura Kuɗin Ƙofa



Sharhinmu na yau zai kai mu birnin Olando na jihar Fulorida a Amurka, garin da ke karɓar baƙi sama da miliyan 70 a shekara. Akasarinsu ba fatauci ya kai su ba, ba ta'aziyya ba, ba neman magani ba. Wasa suka je. A bayan garin ne kamfanin Disney ya buɗe makeken dandalin shaƙatawarsa ranar 1 ga Oktoba, 1971, wanda a yau ya ƙunshi filaye huɗu: Magic Kingdom, da EPCOT, da Hollywood Studios, da Animal Kingdom. Abokin hamayyarsa Universal ya zo a 1990, a watan Mayu na 2025 kuma ya ƙara sabon fili mai suna Epic Universe. Lilo iri-iri, da jiragen wasa masu wulwula mutum sama da ƙasa, da wasan wuta da dare, da mutane cikin shigar 'yan katun suna rungumar yara: hajar ke nan, kuma ana rububinta.

Cikin masu rububin akwai wani rukuni da ya ja hankalina. Waɗannan ba masu tara kuɗi shekara biyar su je sau ɗaya su dawo da hotuna ba ne. Su sau biyu suke zuwa a shekara, ko sau uku, wani ma har huɗu, kuma ba dukansu ne attajirai ba. Ka tambayi ɗayansu yadda aljihunsa ke ɗaukar wannan zirga-zirga, amsar kusan ɗaya ce: “Ai mu mun riga mun biya kuɗin ɗaki.” Maganar gaskiya ce, kuma ita ce ke cinye musu kuɗi.

Abin da suke nufi shi ne suna da hannu a masaukin karɓa-karɓa. Maimakon ka sayi gidan hutu sukutum, alhali mako ɗaya ko biyu za ka kwana cikinsa a shekara, sai kamfani ya gina masauki, ya yanka shekarar gida-gida, ya sayar wa kowa rabonsa. Daga Turai dabarar ta taso a shekarun 1960. Kamfanin Hapimag na ƙasar Suwizalan, da aka kafa a 1963, yana cikin na farko-farko. Amurkawa suka karɓa suka mai da ita babbar sana'a. Ƙungiyar masu harkar, wato ARDA, ta ce gidaje kusan miliyan 10 ne a Amurka ke da irin wannan hannu, kuma manyan kamfanoni irin su Hilton Grand Vacations da Marriott Vacations Worldwide da Westgate duk a Olando hedikwatarsu take.

Da, mako ake sayar maka: mako na kaza, ɗaki lamba kaza, kowace shekara. Yanzu an fi sayar da maki. Mu ɗauki na Disney, wanda suke kira Disney Vacation Club, da aka fara a 1991. A ce ka sayi maki 150. Kowace shekara za a zuba maka 150 sababbi, ka kashe su a kan darare. Daren Talata a watan Satumba, lokacin da yara ke makaranta, zafi da ruwan sama kuma sun kori mutane, maki kaɗan yake ci. Daren Asabar a makon Kirsimeti kuwa sai ya ci ninkinsa ko fiye. Ƙaramin ɗaki da farashinsa, mai falo da kicin shi ma da nasa. In ba ka kashe na bana ba kana iya ajiye su zuwa baɗi, muddin ka sanar cikin wata takwas na farkon shekararka. In na bana sun gaza, ka ranto na baɗi. Amma abin da ka ajiye shekara ɗaya tak yake jira. Tana wucewa, ya ƙone.

To bari mu ɗauki alƙalami. Lissafin da zan yi na misali ne, na zagaye alƙaluman don su yi sauƙin ji, amma ba su yi nisa da kasuwa ba. Maki ɗaya daga hannun kamfani a sababbin masaukai ya haura dala 200. Mu bar shi a 200: maki 150 sun kama dala 30,000. Ba mallaka ce ta har abada ba, yarjejeniya ce mai wa'adi. A ce saura shekara 40. Raba 30,000 gida 40, kowace shekara ta ci dala 750. Sai kuɗin kula da gini, wanda ake biya a kan kowane maki duk shekara: share-share, gyare-gyare, albashin ma'aikata, inshora, haraji, motocin jigilar baƙi. A ce dala 9 kan maki ɗaya, ya zama 1,350. Haɗa biyun, dala 2,100 a shekara. In ƙaramin ɗaki yana cin maki 15 a dare, kwana 10 ka samu, kowane dare a kan dala 210.

Ya yi araha? In aka gwada da abin da baƙon da ya shigo da jakarsa zai biya a irin wannan ɗaki, wanda sau da yawa ya ninka haka, e, ya yi. Masu cewa tsarin duk damfara ne ba su yi masa adalci ba. Sai dai ɗakin da aka ce an riga an biya, ashe kowace shekara sai an sake sa hannu a aljihu. Wanda kuma ya ci bashi ya saya, nasa lissafin daban ne, domin kuɗin ruwan irin wannan bashi yakan haura kashi 10 cikin 100, kuma a shekarun farko shi kaɗai ya isa ya haɗiye rangwamen da ake taƙama da shi.

Duk wannan makwanci ne kawai. Ba a je ƙofar fili ba tukuna.

A 1971 dala 3 da rabi babba ke biya ya shiga Magic Kingdom, sannan ya sayi tikitin lilo daban. Yau tikitin yini ɗaya ya haura dala 100 a ranar da ta fi sauƙi, a ranakun cunkoso kuwa yana kaiwa wajen 200. Yaron da bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga. Yana cika 10, kuɗin babba za a karɓa. Mai zuwa sau uku a shekara ba zai iya da tikitin yini-yini ba, dole ya koma tikitin shekara. Mafi tsada, wanda kowa ke iya saye, ya haura dala 1,500 kan mutum ɗaya. Akwai mai dama-dama, wajen dala 1,100, da aka keɓe wa mazauna Fulorida da masu makin da suka cika sharaɗi, amma akwai ranakun biki da ba ya aiki. Miji da mata da yara biyu: dala 4,400, tun ba a sa loma a baki ba.

Sai hanya. Iyalin da ke Shikago ba za su ɓata kwana biyu a mota don hutun kwana uku ba, jirgi za su hau. A ce dala 250 kan kowa zuwa da dawowa: 1,000 a tafiya ɗaya, 3,000 a tafiya uku. Abinci, in a cikin fili ake ci, a ce dala 60 kan kowa a yini: kwana 10, mutum 4, dala 2,400. Ƙara 1,000 na tarkace, wato mota daga filin jirgi, da kuɗin tsallake layi, da kunnuwan ɗan katun Mickey da 'yar auta ta kafe sai an saya. Jimilla 10,800. Ɗora 2,100 na ɗaki, 12,900. Ɗakin nan da aka kafa hujja da shi bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shekarar ba. Ragowar daga albashi za ta fito, ko daga katin bashi.

Tarkacen nan ma ƙaruwa suke. Shekara da shekaru Disney na da tsarin FastPass, wanda ke ba mutum damar kama lokacin hawa lilo ba tare da dogon layi ba, kyauta. A 2021 aka soke shi aka kawo na kuɗi. Motar da ke ɗauko baƙin masaukansu daga filin jirgi kyauta, ita ma ta daina aiki daga farkon 2022. Wanda ya sa hannu a 2015 yana lissafi da waɗannan, ba wanda ya karya masa alkawari, don ba sa cikin takardar. Takardar ta ɗaki ce. Abin da ke wajen ɗakin kamfani ne ke sa masa farashi yadda ya ga dama, kuma ya san kana tafe, tunda kai ka ɗaure kanka na shekara 40.

Me ke sa mutum mai hankali, wanda ya iya lissafi a wurin aikinsa, ya kasa ganin wannan? A 1985 wasu masu bincike biyu, Hal Arkes da Catherine Blumer, suka wallafa wani gwaji da suka yi a gidan wasan kwaikwayo na Jami'ar Ohayo. Cikin masu sayen tikitin kakar wasa, wasu aka karɓi cikakken kuɗi a hannunsu, wasu aka yi musu ragi ba tare da sun nema ba. Waɗanda suka biya cikakke sun fi zuwa kallo a rabin farko na kakar. Wasan ɗaya, kujerun ɗaya. Zafin kuɗin da ya fita ne ke tayar da mutum daga gida.

Ka haɗa wannan hali da makin da ke ƙonewa. Uwargida ta buɗe kwamfuta, ta ga maki 40 za su lalace nan da mako shida. A lissafinmu, darajarsu dala 560 ce. Ran kowa ya ɓaci. Sai maigida ya ce, to mu leƙa na kwana uku mana, tunda ɗaki kyauta ne, tikitin shekara ma ga shi a hannu. Jirgi 1,000, abinci 700, tarkace 300. An kashe 2,000 don a ceto 560. Garin neman gira an rasa ido. Tikitin shekarar shi ma haka yake zuga mutum: tunda an saye shi, duk hutun makarantar da aka yi a gida sai ya zama kamar asara. Ɗaki na tura ka saboda tikiti, tikiti na tura ka saboda ɗaki.

Amma akwai waɗanda suka iya allonsu, suka shekara goma sha suna wannan zirga-zirga ba bashi a kansu. Abin da za ka fara lura da shi, ba sa barin maki ya yanke musu yawan tafiya. A watan Janairu, lokacin biyan kuɗin kula da gini, miji da mata su zauna su fitar da adadi guda: bana abin da za mu iya kashewa a hutu ke nan, har da kuɗin ginin a ciki. A raba shi gida 12, kowane wata banki ya cire kason ya zuba a wani asusu daban kafin a taɓa albashi, tamkar adashin da kai ne mai zubi, kai ne mai kwasa. Abin da asusun ya tara, shi zai ce tafiya biyu ce ko uku. In maki sun yi saura, ba a ƙirƙiro musu tafiya. A ajiye su zuwa baɗi, ko a ba wani haya. Akwai kasuwar hayar maki da dillalanta, kuma abin da ake biya kan maki ɗaya yakan fi kuɗin kula da gininsa. Makin nan 40 da suka jawo kashe 2,000, da an ba da su haya da wuri, da su za su kawo kuɗi gida.

Sai wasan da suke yi da kalanda. Tikitin shekara daga ranar da ka fara shiga da shi yake ƙirga wata 12. Don haka sai su je a ƙarshen Oktoba, su koma a Maris, su sake komawa a farkon Oktoba mai zuwa, saura kwanaki tikitin ya mutu. Tafiya uku a tikiti ɗaya, da makin shekara biyu, ko uku in an ranto. Daga nan su huta shekara guda cur ba su sabunta ba, dala 4,400 ɗin nan ta rabu a kan shekara biyu. Sun kuma gane cewa yawan tafiya ne ke da tsada, ba yawan kwana ba. Kwana 10 a tafiya ɗaya, jirgi 1,000. Kwana 10 ɗin dai a tafiya uku, 3,000. Shi ya sa mutumin Jojiya da zai tuƙo motarsa cikin yini ɗaya yake da hujjar zuwa sau huɗu, na Minisota kuwa ba shi da ita, ko da makinsu ɗaya.

A kicin ne ribar ta fi fitowa fili. Ƙaramin ɗaki yana da ɗan firji da na'urar ɗumama abinci. Mai falo yana da cikakken kicin da injin wanki. Tun kafin su sauka daga jirgi an yi odar cefane an kai masauki: burodi, madara, ayaba, katan ɗin ruwa. Ƙarfe shida na safe uba na tsaye yana shafa man gyaɗa a burodi yana jerawa a leda, uwa na cika gorunan ruwa, domin Disney ba ta hana shiga da abinci, kuma kantunan abinci na tsaye za su ba ka kofin ruwan ƙanƙara kyauta in ka tambaya. Ci ɗaya ake saye a fili, sauran daga jaka. Yara kuma tun ranar farko a danƙa wa kowa kati mai ƙayyadadden kuɗi, a ce ga naka, in ya ƙare ya ƙare. Kada a raina wannan dabara, domin da yawa daga lilon an gina su ne yadda in ka sauko, hanyar fita ta cikin kantin tsaraba ta bi.

A shekarar da babu tikiti, wasu sukan je su yi kwanakinsu ba su leƙa fili ko sau ɗaya ba: iyo a masauki, yawo a Disney Springs inda shiga da ajiye mota kyauta ne, barcin rana. Ni a ganina su suka fi kowa morar abin da suka saya, don shi ɗin dai suka saya.

Duk wannan na mai iya tsara rayuwarsa da wuri ne. A masaukin da ka sayi makinka, tun saura wata 11 ake ba ka damar kama ɗaki; a sauran masaukan sai saura wata 7, kuma ɗakunan da suka fi sauƙin maki su ke fara ƙarewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A tuna kuma Amurka ba ta da dokar tarayya da ta tilasta a ba ma'aikaci hutu da albashi. Abin da wurin aikinka ya ba ka shi ne naka. Wanda ba ya sanin jadawalin aikinsa sai saura mako biyu, wannan tsari ba nasa ba ne, komai daɗin bakin mai talla.

Masu tallar kuwa sun iya baki. A kewayen Olando kamfanoni da dama na ba da tikiti mai rahusa ga duk wanda zai zauna ya saurari bayani na minti 90. A ba ka kofi, a zagaya da kai ɗaki mai ƙamshi, a tambaye ka nawa kake kashewa a hutu, a ninka shi sau 30 a takarda. Ka ce sai ka yi shawara, a kira manaja ya zo da farashin “yau kaɗai”. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne kuɗin kula da gini, wanda a ƙididdigar ARDA matsakaicinsa ya haura dala 1,000 a shekara, kuma hawa yake. Dokar Fulorida ta ba mai saye kwana 10 ya janye a mayar masa da kuɗinsa. Bayan nan fita sai an sha wuya. Makin Disney na da daraja a kasuwar na-hannu, amma na wasu kamfanonin har akwai masu tallata nasu a dala 1 a intanet don kawai su rabu da kuɗin shekara. Hukumar FTC mai kare masu saye ta sha yin gargaɗi kan 'yan damfarar da ke bugo waya su ce sun samo maka mai saye, ka fara turo kuɗin takardu.

Kuɗin ginin nan bai san uzuri ba. A 2020 annobar korona ta rufe filayen Disney na Fulorida daga tsakiyar Maris har zuwa Yuli, amma takardar kuɗin shekara ba ta daina zuwa ba. Rashin lafiya, rasa aiki, mutuwar aure, duk ba ruwanta. Shi ya sa masu hattara ke ware kuɗin gini na shekara guda a gefe, wanda ba a taɓawa ko don tafiya.

Yara kuma girma suke. Yarinyar da ke tsalle in ta ga gimbiyar katun tana da shekara 5, tana kai 15 ƙawayenta take so, ɗaki ɗaya da iyaye kuma ya yi kaɗan, sai an koma mai ɗakuna biyu da ke cin maki fiye da ninki. A nan ne da yawa ke ƙaro maki, kuɗin gini ya ƙaru tare da su. Yarjejeniyar kuwa tana nan tana ƙirga kwanakinta. Ta tsofaffin masaukai irin su BoardWalk da Beach Club za ta ƙare a watan Janairu na 2042, ta Riviera sai 2070. Ranar da wa'adi ya cika, ɗaki ya koma hannun kamfani, ba a mayar wa kowa ko sisi. Don haka wanda zai sayi makin 2042 a yau, kada ya raba kuɗinsa gida 40 kamar yadda muka yi ɗazu. Nasa gida goma sha ne, kuma farashin darensa zai fito daban.